Ranar da Rashancina Ya Yi Amfani a Jimeta

Kwanakin baya jikana ya zo mini da wayarsa, ya ce in faɗi duk abin da na ga dama da Hausa, za ta mayar mini da shi Rashanci. Na ce wa wayar ina kwana, sai ta amsa da muryar wata budurwa, lafazinta tsaf, ba gargada ko kaɗan. Yaron yana ta leƙen fuskata yana jira in yi mamaki. Mamakin kam na yi, amma abin da ya fi shi yawa a raina shi ne tuna irin gumin da na yi kafin bakina ya iya furta wannan gaisuwa, da nisan ƙasar da na je nemanta. Tun ranar nake ta komawa baya a zuciyata, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ɗan abin da ya rage a kaina kafin shi ma ya bi sauran.

A Wuro Hausa aka haife ni, a gidan tela. A zamanin idan aka ce keke a gidanmu, keken ɗinkin mahaifina ake nufi, ba wannan mai ƙafa uku da ya cika titunan Jimeta yanzu ba. Ƙararsa ce ke tashe mu da safe, tana haɗuwa da dakan Dada, mahaifiyata, a tsakar gida. Aikina shi ne hura gawayin dutsen guga har idanuna su yi ja, da kai riguna gidajen masu su, da yanko wa awakin Dada ciyawa a bakin fadama. Idan damina ta yi nisa, Binuwai ya cika, sai mu ji kukan jiragen ruwa daga Jimeta, wani kuka mai kauri da ke shiga har cikin ciki. Da mun ji shi sai mu bar duk abin da muke yi mu ruga, tafiyar da yaron yanzu ba zai yarda ya yi ta da ƙafa ba, don kawai mu ga ana loda gyaɗa da auduga. Ni dai ba lodin nake kallo ba. Tambayar da nake wa kaina ita ce ina jirgin nan yake zuwa idan ya sha kwana ya ɓace.

Bappana, ƙanen mahaifina, shi ne mai rediyo a gidan. Da la'asar yakan fito da ita zaure, ya yi ta murɗa ta tana tsuwa tana shaƙewa, har ya kamo wata tasha da ke magana da Hausa daga Mosko. Dattawa suna sauraro suna musu. Wani ya ce Hausawa ne aka sace aka kai can, wani ya ce Turawa ne suka koya, ai ka ji yadda suke cin wasu haruffa. Bappa kuwa kullum maganarsa guda ce: mutumin da ya ɗauki wahalar koyon harshenka, ko dai yana sonka ko yana son wani abu a wurinka, kuma kai ma ba za ka san wanne ba ne sai ka koyi nasa. Wannan magana ta zauna mini. Da na gama sakandare, shugaban makarantarmu ya kira ni ya ce gwamnati za ta tura ɗalibai Tarayyar Sobiyet su karanta harshen ƙasar da tarihinta da siyasarta, ban ko tsaya tunani ba na ce ina so.

A gida ne aka yi tunanin a madadina. Goggo, 'yar'uwar mahaifina, ta ce ita ta ji ƙasar ba a salla, kuma rana ba ta fitowa, to yaro zai je ya dawo ba addini ba launi. Aka kai maganar gaban Modibbo, babban malamin unguwarmu. Ya saurari kowa, sannan ya ce Allahn da ke Yola shi ne a can, abin da ya rage shi ne in na sauka in fara tambayar ina ne gabas. Na kuwa tambaya, aka nuna mini kudu, domin daga can Makka tana kudu ne. Da labarin ya iso gida, an ce Goggo ta tafa hannu ta ce ai dama ta faɗa, ƙasar da gabas ɗinta ma a karkace take. Dada ba ta yi musu da kowa ba. Ta dai cika mini akwati da kuka da yaji da daddawa, ta naɗe a tsumma. A filin jirgin can wani jami'i mai jan kunne ya kwance ƙullin daddawar, ya shinshina, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina. Ba ni da kalma ko ɗaya ta harshensu, sai na gutsuri kaɗan na sa a baki na tauna. Suka dube ni da tausayi, suka ɗaure mini kayana suka ce in wuce.

Shekarar farko harshe kawai aka koya mana. Malamarmu wata gajeruwar tsohuwa ce mai mayafin ulu, ba ta jin Turanci, ko kuma ta ƙi nuna tana ji. Haruffan su suka fara wahalar da ni: ka ga harafin da ka sani tun firamare, ka kira shi da sunansa, a ce maka ba shi ba ne. Ga kuma kalmomi da ke sauya wutsiya duk inda ka ajiye su a jimla. Amma akwai abubuwan da suka ba ni dariya. A wurinsu “da” na nufin i, sai ya zama duk lokacin da muke hira da Hausa da wani ɗan Kano a ɗakin cin abinci, masu dafa abincin suna cewa ba su taɓa ganin mutane masu saurin yarda da juna irinmu ba. Ranar da malama ta ce kowa ya nuna hoton iyalinsa, na ɗaga hoton mahaifina da gemunsa da rawaninsa na ce wannan Baba ne. Ta yi dariya har ta zauna a kan tebur, domin a harshensu “baba” tsohuwar ƙauye ake ce wa.

Daga baya aka shiga tarihi da siyasa: sarakunansu na da, juyin juya hali, babban yaƙin da ya ci musu mutane. Muna samari, jininmu na tafasa. A ɗakin kwanan ɗalibai mukan kewaye tukunyar shinkafa, da 'yan ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, mu yi ta gardama a kan yadda za mu gyara Afirka idan mun koma, kowa da cokalinsa yana nuna ɗan'uwansa. Na ga ƙanƙara tana saukowa kamar ana kaɗa auduga. Na yi azumi a bazarar da rana ke ƙin faɗuwa har sai mutum ya fara zarginta da gangan. Wani lokaci malamar nan takan gayyace mu gidanta shan shayi, ta ba mu labarin yadda suka gudu daga garinsu tana yarinya, ita da uwarta, a ƙafa, mutane cike da hanya, kowa ɗauke da abin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi. Ina sauraro ina gyaɗa kai, amma a raina tarihi ne, abin da ake karantawa a ci jarrabawa.

Na dawo gida da takardar shaida da hular gashi mai rufe kunne, na tarar ba mai neman ko ɗaya daga cikinsu. Aka ba ni koyar da tarihi a sakandare, na yi aure, na gina ɗan gidana a unguwar Bekaji da ke Jimeta. Rashancin ya koma abin da nake ƙunƙuni da shi idan ɗalibai sun ɓata mini rai, su kuwa suka sa mini suna Baba Rasha, sunan da ya bi ni har yau. Da ƙasar ta wargaje, wani ɗalibi mai tsaurin ido ya ɗaga hannu a aji ya tambaye ni ko takardata tana nan da aiki tunda ƙasar da ta ba ni ita babu ita a taswira. Na kore shi waje, amma a hanyar gida ni ma na yi dariya. Haka harshen ya yi ta zubewa daga kaina, kalma bayan kalma, ban damu ba.

Sai masifar nan ta faɗo wa arewacin jiharmu. Masu tada ƙayar baya suka shiga garuruwa, mutane suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a manyan motoci, wasu a ƙafa, ƙafafu a kumbure. Ranar da na tsaya a bakin gada na ga wata mata ɗauke da tukunya da yaro a hannu, babu takalmi, sai na ji muryar malamata a kunnena, na san ba jarrabawa take koya mana ba. Jimeta ta buɗe ƙofofinta. Gidana da muke mu kaɗan ya cika har baranda, matata tana tuƙa tuwo a tukunyar biki. Masallatai da coci-coci duk sun zama masauki. Wahala ce, amma ban taɓa ganin garin nan da kirki irin na lokacin ba.

Wata safiya maƙwabcina ya buga mini ƙofa. Kirista ne daga wajen Numan, tare muka yi koyarwa har muka yi ritaya, kuma Hausarsa irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk “shi” ne.

“Baba Rasha, sa hula ka zo,” in ji shi. “Akwai wani mama a cocinmu, Bature ne, ya ƙi cin abinci, yana ta surutu da yaren da ba wanda ya sani. An ce daga ƙasarku ya fito.”

A cikin keke ya ba ni sauran labarin. Tsohuwar matar wani likita ce ɗan arewacin jihar, wanda ya yi karatu a can ya auro ta. Likitan ya daɗe da rasuwa, ita kuwa ta ƙi komawa ƙasarsu, ta zauna cikin dangin miji har ta fi wasunsu iya Hausa da tuƙin tuwo. Ranar gudu ɗanta ya rabu da su, aka ce ya bi ta kan dutse zuwa Kamaru. Ita ta taho da surukarta da jikoki biyu, jariri a goye da yarinya 'yar ƙarama. A hanya surukar ta je neman ruwa, da ta dawo ta tarar da tsohuwar a ƙasa, baki ya karkace, hannun dama ya saki, yarinyar kuma babu ita. Tun daga lokacin Hausa da Turanci suka ɗauke daga bakin tsohuwar, sai harshen da ta sha a nono. Uwar yarinyar ta zaga sansani-sansani har ta gaji. Tsohuwar kuma kullum sai ta kafa yatsu a goshi kamar ƙaho tana kukan saniya, a kawo mata nono, ta ture ƙwaryar. Mutane sun fara cewa ta taɓu, har ana shawarar a kai ta inda ake kai masu taɓin hankali.

Na lalubi kaina ina neman kalmomi, na ji wayam kamar rumbun da aka kwashe. Muka same ta kwance a tabarma a inuwar wani ɗakin karatu, farin gashinta a kitse irin na matanmu, da zanen atamfa, surukar tana mata fifita. Na durƙusa, na tattaro abin da ya rage mini, na gaishe ta da irin gaisuwar da muke wa malamai a jami'a, har da kiranta “tabarish”, wato abokiyar gwagwarmaya. Ta juyo da ido a hankali ta ƙare mini kallo. Sai gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

“Daga wane kabari aka tono ka?” ta ce da Rashanci. “An daina kiran mutane haka tun kafin haƙorana su zube. Kuma wutsiyar kalmarka ta biyu ba daidai ba ce.”

Na fashe da dariya, ita ma ta yi, hawaye na bin kuncinta. Surukar ta saki mafici ta dafe ƙirji. Tsohuwar ta damƙe hannuna da hannunta na hagu ta fara zuba magana kamar an ɓalle famfo, na roƙe ta ta sassauta, ɗalibin nan ya tsufa. A hankali na gane. Lokacin da surukar ta tafi neman ruwa, an ji harbi yana matsowa. Wata babbar mota ta tsaya, ana ta miƙa yara sama. Ita da hannunta ta ɗaga jikar ta miƙa wa wata mata mai zane a fuska da jan mayafi, da niyyar ita ma ta hau, sai motar ta ja. Ta bi ta da gudu tana tambayar ina za su, yaron motar ya waiwayo ya faɗa mata. Bayan nan ba ta san abin da ya faru ba.

Na ce ina ya ce za su? Ta ce kasuwar wani abu, bayan an haye gada an wuce Yola. Kalmar wani abun nan ita ce ta ɓace mini. Na san na taɓa saninta, tana yawo a bakin harshena, ta ƙi sauka. Ta maimaita, “karoba, karoba,” ina ta zare ido. Da haushi ya ishe ta sai ta saki hannuna, ta kafa yatsu a goshi, ta yi kukan saniya mai ƙarfi har yaran da ke leƙe suka watse.

“Kasuwar shanu,” na ce da Hausa. “Ba nono take nema ba. Kasuwar shanu aka kai yarinyar.”

Maƙwabcina ya miƙe tsaye ya ce Ngurore ke nan, ba wata.

Kafin azahar muna Ngurore, ni da shi da uwar yarinyar. Muka bi ta wajen 'yan lodi da masu shayi muna tambayar motar da ta sauke 'yan gudun hijira, da mace mai jan mayafi. Wani mai sayar da igiya ya ce ko matar malamin nan ce ɗan Barno, da ke yawo da wata yarinya masallaci-masallaci tana cigiyar iyayenta? Ya nuna mana hanyar gidan. Muna yin sallama a ƙofar gidan, uwar ta hango 'yarta a tsakar gida tana bin ɗan akuya, an yi mata kitso irin na Barebari, hannu da ƙafa sun sha lalle, har ta yi kumatu. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, duk mai ɗa ya sani. Matar malamin, ita ma gudun ta yi ta sauka wurin 'yan'uwa, ta ce tun ranar yarinyar ke gaya musu kakarta Baturiya ce, su kuwa suka ɗauka shirmen yara ne, don ganin hasken fatarta sun yanke cewa Shuwa ce. Ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka ci abinci, ta kuma rako mu har bakin titi tana kuka tana dariya, tana ja wa uwar kunne a kan kada a kwance kitson da wuri.

Da muka shigo harabar cocin, tsohuwar ta ga jikarta. Ta rungume ta da hannu ɗaya ta daɗe. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce in gaya musu yanzu za ta sha nonon.

Iyalin suka kama haya kusa da mu a Bekaji, ba su koma ba har yau. Na zama mai zuwa gaishe ta kullum da la'asar. Ranar da ta ji yaran unguwa suna kirana Baba Rasha sai da aka ba ta ruwa saboda dariya. Tana gyara mini harshe ba sassauci, ni kuma ina jin kalmomin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da ƙanshin shayin malamata. Mukan yi gardamar siyasar ƙasarsu, ta ce duk abin da aka koya mini rabin labari ne, ita da ta yi layin burodi ta san sauran rabin. Hausarta ta ɗan dawo daga baya, kalma nan kalma can, amma ba ta koma kamar da ba.

Bayan an samu sauƙi ɗanta ya dawo daga Kamaru, ya rame, gemu ya yi furfura. Ya durƙusa gaban uwarsa yana mata magana da Hausa, tana shafa kansa tana amsawa da harshen da bai sani ba. Ashe ba ta taɓa koya masa ba. Ta so ya tashi ɗan garinsu sosai, kada a riƙa nuna shi ana cewa ɗan Baturiya. Washegari ya same ni a ƙofar gida, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce, “Baba, ka sa ni a aji. Ba na son in riƙa jin uwata ta bakin wani.”

Na ce masa ajina da tsanani, kuma haruffan za su yi masa ƙarya. Ya ce ya yarda. Muka fara a barandata, mutum mai 'ya'ya yana cije leɓe yana maimaita wasula kamar ɗan aji ɗaya, matata tana leƙowa ta taga tana ƙunshe dariya. Da ya ga haruffan za su ja lokaci, ya ce in fara ba shi jimla ɗaya da zai kai mata. Ya zaɓi abin da yake so ya faɗa, na koya masa, ya yi ta haddace ta a keke da wurin aiki har surukar ta ce ko a barci yana yi.

Ranar da ya shirya na raka shi. Tsohuwar tana zaune a kujera a tsakar gida, kwanon miya a gefenta. Ya durƙusa, ya share murya, ya ce da Rashanci, “Mama, kin ci abinci?”

Ta ƙura masa ido. Sannan ta ɗaga yatsa ta gyara masa kalmar ƙarshe, domin ya tambaye ta kamar namiji yake tambaya. Ya sake faɗa, wannan karon daidai. Sai ta riƙo gemunsa ta ba shi amsa doguwa. Ya waiwayo ya dube ni.

Na ce, “Ta ce ta ci, ɗana. Ta ce kuma ka gaya wa matarka gishiri ya yi kaɗan.”

“Duk wannan doguwar maganar?” in ji shi.

Na ɗauki sandata na ce sauran nasa ne, ya zo aji gobe da wuri in yana son ya ji da kunnensa. Na fito na ja musu ƙofa.